Shin sanin -tion, -ness da -able zai raba ni da ƙamus?

"Assalamu alaikum Malam. Na gama sakandare bara, yanzu ina shirin sake zama JAMB domin karatun jinya nake so. Babbar matsalata kalmomin Turanci. Nakan haddace su daga ƙamus, bayan kwana biyu duk su gudu. Wata ƙawata ta ce in haddace ƙarshen kalmomi irin su -tion da -ness da -able, wai idan na san su zan gane kowace kalma ba sai na buɗe ƙamus ba. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, da waɗanne zan fara, kuma me suke nufi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko waɗannan gutsattsarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma za su rage miki wahalar hadda, sannan waɗanne ne suka cancanci ki ba su lokacinki. Ƙawarki ta nuna miki hanya mai kyau, sai dai ta ɗora wa hanyar abin da ba za ta iya ba. Ƙarshen kalma ba ya ba ki cikakkiyar ma'anarta. Abin da yake gaya miki a mafi yawan lokaci shi ne aikin da kalmar take yi a cikin jimla: suna ce, ko aikatau, ko sifa, ko bayanau. Ainihin ma'anar tana cikin saiwa. Kamar kaki ne a jikin ma'aikaci: da kin hango shi kin san soja ne ko ɗan sanda, amma kakin ba zai gaya miki sunansa ba. Ɗalibin da ya gane haka, kalma ɗaya da ya koya takan zame masa huɗu ko biyar. Wanda bai gane ba yakan haddace dogon jeri, ya shiga ɗakin jarrabawa ya tarar jerin bai tsinana masa komai ba.

Abin da kika riga kika sani

Masana nahawun Hausa suna kiran wannan gutsure ɗafa-ƙeya, wanda ake sa wa kalma a gaba kuma ɗafa-goshi. Tun kina ƙarama kike aiki da su. Daga aboki kika san abokantaka, daga jarumi jarumtaka, daga shugaba shugabanci, daga adali adalci. Babu wanda ya zaunar da ke ya ce -nci na iya nuna harshe ko halin mutanen wani wuri, amma ko yau kika fara jin an ce wane yana Katsinanci, kin gane abin da ake nufi. Idan kuma kin taɓa sarfu a Islamiyya, kin ga yadda kataba ke haifar da katib da maktub da maktab. Larabci yana sauya cikin kalma, Turanci kuma galibi a ƙeya yake ƙari.

Wasu ɗafa-ƙeyar Turanci ma sun shigo Hausa a jikin kalmomin aro ba mu lura ba. Direba daga drive ne da -er, haka lebura da manaja. Gwamna da gwamnati saiwarsu ɗaya, wato govern, mulki: -or ta ba mu mai yin mulkin, -ment ta ba mu hukumar.

Dalilin da ya sa Turanci ke da su da yawa, har ki ga uku ko huɗu suna aiki iri ɗaya, yana cikin tarihinsa. Asalinsa dangin Jamusanci ne, kuma daga can ya gaji -ness, -ful, -less, -hood, -ship, -dom, -ly da -ish. A shekarar 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, sai -ment, -tion, -ity, -ance, -able da -ous suka kwararo. Daga baya malaman kimiyya da likitanci suka ɗebo daga Latin da Girkanci kai tsaye. Ki riƙe wannan rabo, domin zai yi miki amfani idan mun zo kan furuci. Ɗaliban Nijar da suka yi boko da Faransanci suna da rabin aikin a hannu, tun da -ité ita ce -ity, -eux ita ce -ous, -ique kuma -ic.

Fara da waɗanda kowa yake rainawa

Ɗafa-ƙeyar Turanci iri biyu ce. Akwai guda takwas da ba sa ƙirƙirar sabuwar kalma, sai dai su daidaita ta da nahawu: -s ta jam'i, -'s ta mallaka, -s ta aikatau kamar a she works, -ed ta shuɗaɗɗen lokaci, -en ko -ed ta irin written da finished, -ing, sannan -er da -est na kwatanci. Wani bincike da White da Sowell da Yanagihara suka buga a 1989 kan kalmomin littattafan makarantun Amurka ya nuna cewa -s, -ed da -ing kaɗai sun ɗauke kusan kashi 65 cikin 100 na kalmomin da ke da ɗafa-ƙeya. Kuma a nan ne na fi ganin ɗalibaina suna zubar da maki. Yarinya za ta rubuta "I am boring" tana nufin ta gaji da zama, alhali abin da ta faɗa shi ne ita ce mai gundurar mutane. Ƙa'idar ba ta da wuya: -ed tana nuna wanda abin ya shafa, -ing tana nuna abin da ya jawo. Darasi interesting ne, ɗaliba interested ce. Labari shocking ne, wanda ya ji shocked ne. Haka kuma -s ta jam'i ba ta hawa kan kalmomin da Turawa ba sa ƙirgawa. Informations, equipments, furnitures da advices sun cika bakinmu a nan, amma a takardar jarrabawa duk kuskure ne.

Iri na biyu su ne masu haifar da sabuwar kalma, kuma su kike tambaya a kai.

Masu mai da kalma suna su suka fi yawa a rubutun boko. Idan kika ga -tion, -sion, -ment, -ance, -ence, ko -al a bayan aikatau, to sunan aikin ne ko sakamakonsa: infect ya zama infection, decide ya zama decision, treat ya zama treatment, resist ya zama resistance, arrive ya zama arrival. Idan kuma -ness ce ko -ity, daga sifa aka ciro sunan hali ko yanayi: weak ya ba da weakness, kind ya ba da kindness, pure ya ba da purity, fertile ya ba da fertility. Su -ship da -hood sun fi kusa da -taka da -nci namu: friendship abokantaka, leadership shugabanci, brotherhood 'yan'uwantaka, childhood ƙuruciya. Na masu yin aiki kuwa akwai -er, -or, -ist, -ian da -ant, kamar teacher, actor, pharmacist, technician da assistant. Kishiyarsu -ee ce, wadda take nuna wanda aka yi wa aikin: employer shi ya ɗauki ma'aikaci, employee shi aka ɗauka, trainer mai horarwa, trainee mai karɓar horo. Ita kuwa -ism aƙida ce ko tsari, kusan aikin da -iyya take yi a dimokuraɗiyya.

Na sifa su na fi jin daɗin koyarwa, saboda Hausa tana da takwarorinsu a fili. -ful da -less su ne mai da maras: useful mai amfani, useless maras amfani, harmful mai cutarwa, harmless maras cutarwa. -able da -ible su ne abin da muke yi idan muka ce rubutu yana karantuwa, ruwa yana shawuwa, mota ba ta gyaruwa. Saboda haka readable, drinkable da repairable ba baƙin tunani ba ne a gare ki. Idan kin fara karatun jinya za ki yi ta haɗuwa da preventable, abin da ake iya karewa, da curable, abin da yake warkuwa. -ish kuma a kan launi ita ce ninkin da muke yi mu ce ja-ja ko fari-fari, wato reddish da whitish. Sauran, irin su -ous, -al, -ive, -ic da -y, duk "mai kaza" ko "na kaza" suke nufi: dangerous, national, active, allergic, dirty.

Na aikatau huɗu ne kacal da za ki damu da su, -en, -ify, -ise da -ate, kuma duk suna nufin mai da abu kaza. Yadda ƙarfi ke zama ƙarfafa, faɗi ya zama faɗaɗa, sauƙi ya zama sauƙaƙa, haka strength ke zama strengthen, wide ya zama widen, simple ya zama simplify. Na bayanau kuma -ly ce: quick ya zama quickly.

Ga yadda wannan yake biyan ki a jarrabawa. A ce an ba ki "The nurse handled the baby ____" aka jero care, careful, carefully, careless. Ko ba ki san ma'anar handled ba, kin ga gurbin yana neman yadda aka yi aikin, to mai -ly za ki ɗauka. Wasu tambayoyin cike gurbi haka suke, aikin kalma ake gwadawa.

Inda ƙeyar take ɗauke da ma'ana sosai

Akwai wani rukuni da ya saɓa wa abin da na faɗa da farko, kuma sa'arki shi ne rukunin fannin da kike nema. Kalmomin likitanci an gina su ne da gangan daga Girkanci da Latin, gutsure-gutsure, kowane gutsure da tsayayyiyar ma'anarsa. -itis kumburi ne: hepatitis kumburin hanta, arthritis kumburin gaɓoɓi, gastritis kumburin bangon ciki, meningitis kuma, wato sanƙarau, kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. -ectomy cire wani sashe ne ta hanyar tiyata: mastectomy cire mama, hysterectomy cire mahaifa. -aemia yanayin jini ne: anaemia ƙarancin jini, hypoglycaemia ƙarancin sukari a cikin jini. -algia ciwo ne, kamar myalgia, ciwon tsoka. -logy fannin ilimi ne, -logist masaninsa, shi ya sa cardiologist yake likitan zuciya. -cide kisa ce, kuma duk manomin da ya taɓa sayen herbicide ko insecticide ya san ta a jikin kwalba. A wannan fanni maganar ƙawarki ta kusa zama gaskiya ɗari bisa ɗari. Idan kika haɗa ƙeya ashirin da sunayen sassan jiki ashirin, ɗaruruwan kalmomi za su buɗe miki, kuma wannan hadda ce da nake ba da shawarar a yi.

Furuci da rubutu

Wannan ɓangare ɗalibai ba su cika sanin yana da alaƙa da ɗafa-ƙeya ba, alhali maki ne a ajiye, a JAMB da kuma takardar furuci ta WAEC. Hausa da hawa da saukar murya take aiki, Turanci kuma da danna gaɓa ɗaya a kalma fiye da sauran. Ɗafa-ƙeyar da Turanci ya gada daga asalinsa ba ta taɓa wannan dannawa: HAPpy, HAPpiness; CAREful, CAREfully. Amma waɗanda suka zo daga Faransanci da Latin sukan ja ta. -tion, -sion, -ic, -ity da -ian suna jawo dannawar zuwa gaɓar da take daf da su: EDucate amma eduCAtion, eCONomy amma ecoNOMic, Able amma aBILity, MUsic amma muSIcian. Su kuwa -ee, -eer da -ese a kansu ake dannawa: refuGEE, engiNEER, JapaNESE. Akwai 'yan kalmomin da suka fita daga ƙa'idar, kamar POLitics da ARabic, amma ba su da yawa. Ɗalibar da ta riƙe waɗannan layuka biyu za ta amsa tambayoyin dannawa da dama ko da kalmar baƙuwa ce gare ta.

Ta fuskar rubutu, y takan koma i idan baƙi ya gabace ta: happy, happiness, beauty, beautiful. Harafin e na ƙarshe yakan faɗi gaban wasali ya tsaya gaban baƙi: hoping amma hopeful, sai 'yan tawaye irin argument da truly. Bayan c da g kuma e tana tsayawa don kada sautin ya sauya: noticeable, courageous. -ful da l ɗaya ake rubuta ta, sai an ƙara -ly take zama biyu. Tsakanin -able da -ible, idan kika cire ƙeyar kika ga cikakkiyar kalma ta rage, galibi -able ce, kamar acceptable. Idan guntu ne ya rage, galibi -ible ce, kamar visible da possible. Sannan ki kula da waɗanda saiwarsu take rage tsawo: pronounce amma pronunciation, maintain amma maintenance, explain amma explanation. Waɗannan ukun kusan kowace shekara sai na ja musu jan biro a takardun ɗalibai.

Kama da wane ba ta wane

Yanzu ga inda hanyar take da ramuka. Ba duk kalmar da ta ƙare da -er ce mai ɗafa-ƙeya ba: corner ba mai yin corn ba ne, haka water da finger. Cooker ba mai dafuwa ba ne, murhun ne; mai dafuwar cook ne. Friendly, lovely, costly da cowardly sun ƙare da -ly amma sifa ne, don haka ba a cewa "she spoke friendly". Hardly ba ta da alaƙa da ƙwazo: "he works hard" yabo ne, "he hardly works" zargi ne cewa da ƙyar yake taɓa aikin. Priceless ba maras daraja ba ne, abin da darajarsa ta fi ƙarfin kuɗi ne. Maras darajar worthless ne. Neighbourhood, wadda a ƙa'ida ya kamata ta zama maƙwabtaka, yau unguwa ake nufi da ita.

Mafi haɗari su ne tagwayen da suka fito daga saiwa ɗaya da ƙeya daban, domin su masu shirya jarrabawa suka fi so. Economic abin da ya shafi tattalin arziki ne, economical mai tsimi. Historic abin da ya kafa tarihi, historical abin da ya shafi zamanin da. Sensible mai hankali, sensitive mai saurin jin abu a jiki ko a rai. Respectful mai girmama mutane, respectable wanda ake girmamawa. Industrial na masana'antu, industrious mai himma. Considerable mai yawa, considerate mai duba halin wasu. Childlike yabo ne na tsarkin zuciya, childish kuma suka ce ta yarinta. A duk waɗannan ƙeyar ta gaya miki sifa ce, daga nan ta yi shiru. Sauran sai ƙamus da yawan karatu.

Akwai kuma bambanci tsakanin ganewa da ƙirƙira. Idan karatu kike yi, ki warware kalma yadda kike so. Idan rubutu ne, kada ki haɗa saiwa da ƙeya da kanki ki ɗauka kalmar tana nan. Babu ƙa'idar da za ta gaya miki me ya sa ake cewa arrival ba arrivement ba, ko me ya sa akwai homeless babu homeful. Wasu haɗe-haɗen dai amintattu ne: -ise takan ba da -isation, -ate ta ba da -ation, -able ta ba da -ability. Mu 'yan Nijeriya mun ƙirƙiro namu, irin su installmentally da decampee, kuma ni ba na ganin hakan abin kunya. A watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, ciki har da Kannywood da severally da ma'anar sau da yawa. Amma mai duba takardarki da ma'aunin Turancin Ingila yake aiki, don haka ki bar irin waɗannan a wajen hira.

Yadda nake sa ɗalibaina su yi

Ki daina haddace kalma ita kaɗai, ki koma koyon ta da danginta. Ki sami littafin rubutu ki raba shafi gida huɗu: suna, aikatau, sifa, bayanau. Duk kalmar da kika tsinta a karatu, ki nemi 'yan'uwanta ki cike gidajen. Daga succeed za ki sami success, successful, successfully. Daga infect za ki sami infection, infectious, disinfectant. Idan gida bai cika ba ki bar shi haka, kada ki tilasta. Sannan ki rubuta jimla ɗaya taki da kowace, a kan abin da ya shafi rayuwarki, ki kuma furta ta da ƙarfi kina danna gaɓar da ta dace. Dangi uku a rana da kika yi wa haka sun fi kalma talatin da kika karanto daga ƙamus, domin abin da ya sa suke gudu bayan kwana biyu shi ne ba su da abin da suka jingina da shi a ƙwaƙwalwarki.

Idan kina neman inda za ki samo saiwoyin, akwai jerin da wata malama a New Zealand, Averil Coxhead, ta fitar a shekarar 2000, mai ɗauke da dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a littattafan jami'a, irin su analyse, analysis, analyst, analytical. Sunansa Academic Word List, kuma ana samunsa kyauta a intanet. Ga mai shirin shiga makarantar gaba da sakandare ban ga jerin da ya fi shi amfani ba.

Sai dai ki san girman aikin. Paul Nation, wanda ya daɗe yana bincike kan koyon kalmomi, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da tuntuɓe ba yana buƙatar dangin kalmomi tsakanin 8,000 da 9,000. Ɗafa-ƙeya tana sauƙaƙa miki shiga cikin kowane dangi, amma ba ta rage yawan dangin. Idan ba ki san saiwar ba, -ous da ke jikin ubiquitous ba za ta gaya miki komai ba illa cewa sifa ce. Haka kuma ba ta taɓuka komai a kan irin su put off, give in, look after da carry out, waɗanda gajeru ne, ba su da ƙeya, kuma suna fitowa a jarrabawa sosai. Waɗannan sai ta hanyar karatu na yau da kullum. Ki ɗauki labari ɗaya daga jaridar Turanci kowace rana, ki ja layi ƙarƙashin duk kalma mai ɗafa-ƙeya, ki yi hasashen aikinta da ma'anarta tukuna, sannan ki buɗe ƙamus ki ga ko kin dace. Ƙamus irin na masu koyo, kamar na Oxford ko Longman, shi ya fi dacewa, domin yana nuna dannawa da misalin jimla da sauran dangin kalmar a wuri ɗaya. Allah ya ba ki sa'a, ya sa ki sami gurbin da kike nema.